Daminar da Gidanmu Ya Rushe

Ranar wata Laraba ce cikin watan Agusta, a dogon hutun da muka yi bayan na gama aji huɗu na firamare. Kwana uku ke nan ana ruwa a birnin Zariya, irin mamakon nan da ba tsawa ba iska, sai dai ya yi ta zuba kamar ba zai ƙare ba. Da safe Inna ta miƙo mini bokiti biyu ta ce in tara a ƙarƙashin indararon ɗakin Iya, kakata, don a sami na wanke-wanke. Na kifa buhu a ka na je na tara. Ina tsaye ina kallon ruwan yana sauka sai na ga launinsa yana sauyawa. Da farko fari ne tas, can ya yi duhu, daga nan ya koma jajir, har da gutsattsarin ciyawar da ake kwaɓa ƙasar gini da ita. Na tara hannu, sai ƙasa ta kwanta a tafina. Shekarata goma a lokacin, amma na gane abin da nake gani. Rufin ɗakin ne yake narkewa yana biyo ruwan.

Na ruga na nuna wa Inna. Ta daɗe tana duban tafin hannuna, sannan ta ce, "Je ki gaya wa babanki soron Iya yana zubewa." Baba yana zaure, bai fi taku ashirin ba daga inda take tsaye, da ta ɗaga murya kaɗan ma zai ji. Na je na same shi zaune a kan buzu, ya matso bakin ƙofa saboda haske, babbar riga a cinyarsa yana yi mata aiki. Na faɗa masa. Bai ɗago kai ba, allurarsa ma ba ta tsaya ba. Ya ce, "Ki ce mata na ji." Na koma na faɗa mata. Haka ake magana a gidanmu tun shekara guda kafin wannan rana, kuma ni ce nake kai ta, ni nake dawo da ita.

Da ba haka gidanmu yake ba. Gidan ƙasa ne na gado, a wani lungu da ba shi da nisa da Ƙofar Gayan. In ka wuce zaure sai tsakar gida mai faɗi, da rijiya a tsakiya da bishiyar lemun tsami a gefenta. Ɗakin Baba yana hannun dama, na Inna yana hannun hagu tare da madafa, na Iya kuwa yana can ƙurya, jingine da katangar baya. A bayan katangar akwai wani babban kududdufi, wanda Iya ta ce daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina unguwar duka. Da rani yakan ƙafe mu riƙa sauka ciki muna tuwon ƙasa a gwangwanayen madara, da damina kuma ya cika, agwagi su mamaye shi, kwaɗi su yi ta kuka. Baba maɗinkin riguna ne, ɗinkin hannu, kuma a unguwar an san shi da kyan allura. Yakan yi wata biyu a kan riga ɗaya. Yana ɗinki yana raira karatu a hankali, ƙanena Mudi yana kwance a gefensa yana warware masa zare. Muna da 'yar gona a gindin ganuwa, inda ake shuka masara da gyaɗa da kuɓewa. Ranar Alhamis da Juma'a Baba yakan ɗora mu a kekensa, Mudi a gaba ni a baya, mu je ciran ciyawa. Da yamma mu dawo da masara sabuwa, Inna ta gasa mana a bakin murhu tana yi wa Baba tsiya wai ya fi iya riƙe allura da fartanya. Shi kuma ya yi ta dariya. Ina tuna wannan dariyar sosai, don daga baya na daɗe ban ji ta ba.

Kowace shekara kafin faɗuwar ruwa, akwai aikin da ba a tsallakewa. Baba zai ajiye ɗinki na mako guda, a kwaɓa ƙasa, ya hau kan soraye ɗaya bayan ɗaya yana yaɓe, yana toshe duk inda ya tsage, yana gyara bakin indararo. Ni da Mudi muna ƙasa muna miƙa masa curin ƙasa a ƙaramin kwano. Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta, don ciwon ƙafa ya riga ya zaunar da ita, tana ba da umarni kamar ita ce sarkin magina. Takan ce, "Ku lura da nawa, ni ba na iya gudu." Mu yi ta dariya, ita ma ta yi.

Mudi yana da shekara huɗu zazzaɓi ya kama shi, a farkon daminar da ta gabaci wadda nake ba da labari. Ran farko aka ba shi jiƙo, aka yi masa tofi. Rana ta biyu jikin ya ƙara zafi, Inna ta ce a kai shi asibitin Wusasa. Baba ya ce a ɗan ƙara dubawa, zazzaɓin damina ne, kowane yaro yana yi, ga shi kuma yana da rigar da mai ita zai zo karɓa. Rana ta uku ta sake yin magana, har da hawaye, ya ce gobe da safe in Allah ya kai mu. Da safen Mudi ba ya gane kowa. Baba ya goya shi da zanen Inna, ya ɗaure da majanyi, ya hau keke. Inna ta saɓa ƙanwata Dije, wadda take jaririya a lokacin, ta bi bayansa a ƙasa. Ba ta kai rabin hanya ba ta hango shi yana dawowa. Ya sauka daga keken yana tura shi, yaron yana bayansa, an rufe masa kai. A nan bakin hanya ta zauna. Wasu mata ne suka kamo ta suka kawo ta gida.

Ba a yi faɗa ba. Da an yi faɗa wataƙila da ya fi sauƙi. Bayan sadakar bakwai, Inna ta daina yi wa Baba magana in ban da gaisuwar safe, ita ma da ƙyar ake jin ta. Abincinsa ba ya latti, wankinsa ba ya kwana, amma ni nake kai masa. Shi kuma ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure, a can yake yini, a can yake kwana. Ya daina raira karatu. Keken ya jingine shi a bango har tayoyin suka sace. Gonar ganuwa ciyawa ta cinye ta. Iya ta yi magana, ta kira wannan ta kira wancan, kowa ya durƙusa ya ce to, ya tashi ya koma yadda yake. Ni kuwa na zama 'yar aike tsakanin zaure da madafa. "Ce wa babanki gero ya ƙare." "Ce wa innarki za a kawo." Wani lokaci nakan ƙara tawa a hanya. In Inna ta ce a ce masa ga abinci, sai in ce, "Inna ta ce tana gaishe ka, ga abinci." Yakan dube ni na ɗan lokaci, ya ce in ajiye. Ina jin ya san ƙari ne.

A makaranta kaɗai nake samun sararin kaina. Da tara muna 'yar carafke a gindin darbejiya da duwatsun da kowa take ɓoyewa a aljihun riga, mu sayi rogo da ƙuli, mu yi gaɗa har a kaɗa ƙararrawa. In an tashi kuwa sai in riƙa jan ƙafa, ina tsayawa kallon mabuga suna bugun riguna, don kada in isa gida da wuri. Da bazarar wannan shekara ta zo, maƙwabta duk suka hau sorayensu suna yaɓe, namu ba wanda ya taɓa. Na kai wa Baba saƙon yaɓen sau uku, sau uku aka ce an ji. Kuma ana saura kwanaki a yi mana hutu, ina tankaɗe a bayan ƙyaure, na ji Inna tana ba wata mai sayar da daddawa daga ƙauyensu saƙo zuwa wurin yayanta, Kawu Ilu. Ta ce a gaya masa in ruwa ya ɗauke ya zo ya tafi da ita, ta gaji. Na san abin da wannan yake nufi. Dije za ta bi Inna, ni kuma a bar ni a gidan ubana. Ban gaya wa kowa na ji ba. Kullum dai in na tashi sai in dubi sama, ina roƙon Allah kada damina ta ƙare.

To, a ranar Larabar nan, bayan azahar sai ruwan ya sauya hali. Ya daina yayyafi ya fara sauka da ƙarfi, har ba ka ganin wanda yake ɗaya gefen tsakar gida. Akwai rariya a gindin katangar baya, inda ruwan gida yake fita zuwa kududdufi. Ina leƙe daga ƙofar ɗaki sai na ga ruwa yana shigowa ta nan maimakon ya fita. Kududdufin ya cika ya tumbatsa. Kafin mu ankara ruwa ya kai idon sawu, takalma da ƙore suna yawo a kai. Inna ta goya Dije, muka ɗora buhun masara a kan gado, sannan ta nufi ɗakin Iya ina biye da ita. Ɗakin yana yoyo ta ko'ina, Iya ta jera kwanoni tana zaune a tsakiyar gado da carbi. Inna ta durƙusa ta ce, "Iya, ki bari mu kama ki mu kai ki zaure." Iya ta ce, "A ɗakin nan na haifi uban yarinyar nan. Ruwa bai taɓa fitar da ni ba." Ba ta rufe baki ba muka ji wani rugugi daga gidan maƙwabta, sai ihun mata. Muka fito da gudu. A kan idona katangarmu ta baya ta karkata a hankali, kamar mai shirin zama, ta kwanta. Ruwan kududdufi ya shigo gaba ɗaya, jan ruwa mai ɗauke da shara da karare, ya buge ni a gwiwa.

Sai na ji Inna ta ɗaga murya, irin wadda ban taɓa jin ta da ita ba. "Malam! Malam, fito ka ɗauki Iya!" Ƙafafuna har sun juya sun nufi zaure don in kai saƙo, kafin na gane ba ni aka aika ba.

Baba ya shigo a guje, ba takalmi ba hula. Bai tsaya tambaya ba ya faɗa ɗakin. Muna jin Iya tana yi masa faɗa yana ba ta haƙuri. Ya fito da ita a bayansa, ya kawo daidai bakin ƙofa, sai azarar da ke kan ƙofar ta yi ƙara. Ina jin ya ji, don ya juya ya wurgo Iya waje da dukan ƙarfinsa. Ta faɗo cikin ruwa, ni da Inna muka cafke ta. Da muka waiwaya babu ɗaki. Tulin jar laka ne kawai da azarori a tsaitsaye, Baba yana ƙarƙashi, kansa da kafaɗarsa ta hagu kaɗai ne a waje, ruwa yana wanke masa fuska.

Muka ja Iya muka jingina ta da bakin rijiya, ta rungume shi. Inna ta kwance Dije ta ɗaura mini ita a baya. Ta ce, "Ruga masallaci ki kira mutane. Kada ki tsaya." Ita kuma ta durƙusa cikin ruwan, ta ɗago kan Baba ta ɗora a cinyarta don hancinsa ya fita, ta fara tonon lakar da hannu ɗaya. Na fita ta zaure. Lungunmu ya zama kogi, ruwa yana kai mini cinya, Dije tana ƙwala ihu a kunnena. Na riƙa dafa bango ina tafiya, bangon kuma yana biyo hannuna. A masallacin unguwa na tarar da maza sun fake, har da maƙwabcinmu Malam Tanimu magini. Ban san abin da na ce ba, na dai san sun fito gaba ɗaya. Wani ya ɗauke ni da goyona ya saɓa a kafaɗa.

Da muka iso, ruwa ya kai wa Inna ƙirji a durƙushe. Ɗankwalinta ya tafi, yatsunta suna jini, ta tallafo haɓar Baba da hannu biyu tana ɗagawa sama, tana ta maimaita masa kalmar shahada a kunne. Mace ce da mazan unguwa ba su taɓa ganin fuskarta a fili ba, amma da suka shigo ko motsi ba ta yi ba. Malam Tanimu ya ce wa Inna, "Hajara, riƙe shi haka, kada ki saki." Suka kama aiki da shebur da fartanya da hannu. Azara ɗaya ce ta danne masa hannun dama, ta ƙi ɗaguwa. Aka ɗauko taɓaren Inna guda biyu aka soka a ƙasanta, mutum shida suka danna, aka zaro shi. Ƙafafunsa ba abin da ya same su sai kurjewa, amma hannun, na gani sau ɗaya na kau da kai.

Aka kwantar da shi a zaure, wanda shi kaɗai ne bai nuna alamar faɗuwa ba. Muna nan ɗakin Inna ya bi na Iya, sannan na Baba. Wani dattijo ya duba hannun ya ce a ɗaure shi da tsumma, in ruwa ya tsagaita a kira mai ɗori, ai ba hanyar fita yanzu. Wasu suka ce haka ne. Inna tana tsaye a bayan ƙyaure, wata maƙwabciya ta yafa mata mayafi. Ta ce, "Ba za a jira ba. Wusasa za a kai shi, yanzu." Babu wanda bai san labarin Mudi ba a cikinsu, duk suka sunkuyar da kai. Baba ya rufe ido. Malam Tanimu ya ce a cire ƙyauren, aka ɗora shi a kai, mutum huɗu suka ɗauka a ka har bakin titi inda za a sami mota. Inna ta bi su a baya cikin ruwan, ba takalmi.

Mu kuma aka kwashe mu zuwa makarantar firamare, tunda ana hutu. Gidaje da dama sun faɗi a unguwar a wannan yini, kuma a wani gida can gaba an rasa wata tsohuwa da jikanta. Aka ba mata wasu azuzuwa, maza wasu. Allah da ikonsa, ajinmu aka saka mu. Lissafin da malaminmu ya rubuta ranar ƙarshe yana nan a allo ba a goge ba. Aka haɗa bencina aka shimfiɗa wa Iya tabarma a kai, ni da Dije muka kwanta a ƙasa kusa da inda nake zama. Gidajen da ba su faɗi ba su suka riƙe mu. Safe da yamma sai ka ga yara suna shigowa da kwanonin koko da tuwo da zannuwa, ba ka ma san daga gidan wa ba. Ƙananan yara murna suke yi, suna tsere a baranda. Ni kunya nake ji, musamman in 'yan ajinmu suka zo suna leƙe ta taga. Washegari na je na ga gidan. Ban gane shi ba. Zaure ne a tsaye da bakin rijiya da lemun tsami, kajinmu uku suna kan reshe a takure. Akuyarmu ta mutu a turke. Sauran duk laka ce, ga murfin tukunya nan, ga ƙafar gado can.

Kwana huɗu Inna ba ta dawo ba. Rana ta huɗu matar Malam Tanimu ta dama kunu ta ce in raka ta asibiti. Muka tarar da Baba a kan gado, hannun a naɗe har gwiwa. An yanke masa yatsu biyu, babban da manuniya, su ne kuwa masu riƙe allura. Inna tana zaune a kan tabarma a ƙasa, ta rame. Bayan gaisuwa matar Malam Tanimu ta fita duba wata 'yar'uwarta, aka bar ni da su. Inna ta zuba kunun a kofi ta fara ba shi da cokali. Ya sha biyu ya kau da kai. Ya daɗe yana kallon bango, sannan ya fara magana, ba ni yake yi wa ba.

Ya ce, "Hanyar da kuka biyo da ni, ita na biyo da shi. Ya yi magana a hanya. Ban taɓa iya gaya miki ba."

Inna ta tsaya da cokalin a hannu.

"Ya ce, Baba, ina Inna? Na ce tana nan tafe a bayanmu. Sai ya kwantar da kansa a bayana. Na zaci barci ne, na yi ta taka keken." Ya juyo ya dube ta. "Kin faɗa mini sau biyu, Hajara. Ni ne ban ji ba."

Ban taɓa jin ya kira sunanta ba sai ranar. Inna ta ajiye kofin, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza, ba sauti. Na zauna ina kallon yatsun ƙafata. Da ta buɗe fuska ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba komai ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Bai yi kuka ba?" Baba ya ce, "Bai yi ba." Ta gyaɗa kai, ta goge ido da bakin zane, ta ɗauki kofin ta ce, "Ƙarasa, zai huce."

Bayan mako biyu aka sallamo shi. A ranar ne kuma Kawu Ilu ya iso daga ƙauye, labari ya kai musu. Ya kawo buhun dawa da zabi biyu. Bayan ya gaida Iya da Baba, ya kira Inna gindin darbejiyar da muke carafke. Na ɗauki tsintsiya na riƙa sharar da ba ta ƙarewa a kusa da su. Ya ce ta haɗa abin da ya rage mata su tafi, ba sai an jira kaka ba, mahaifiyarsu ta ce kada ya dawo ba ita. Inna ta riƙa murza gefen mayafi. Ya ce, "Ba ke kika aiko ba?" Ta ce, "Ni na aiko, Yaya. Lokacin akwai gidan da zan fita daga ciki. Yanzu babu. Ga tsohuwa a kan benci, ga mutum da hannu ɗaya. Ka ce wa innarmu ta yi haƙuri, sai an gina tukuna." Kawu ya dube ta, ya dube ni da tsintsiyata, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na je bayan aji na yi kuka har na gode Allah.

Da aka koma makaranta sai muka koma zauren gidanmu, mu biyar. Aka raba shi biyu da asabari, Iya da Inna da mu yara a ciki, Baba a bakin ƙofa. Ana girki a waje a kan duwatsu uku, in hadari ya taso a kwashe a shigo. Inna ta yi yini biyu tana tonon inda ɗakinta yake, tana neman kwallar da ta ajiye rigunan Mudi da ɗan allonsa. Baba ya taya ta da hannun hagu. Ba su samu ba. Da ruwa ya ɗauke aka fara gini. Ƙasar gidan da ta rushe ita aka sake jiƙawa. Inna tana jan ruwa a rijiya, Baba yana taka kwaɓi da ƙafa tunda hannu ba dama, ni ina cura tubali ina jerawa a rana. Ranar Juma'a maƙwabta suka yi mana gayya, Malam Tanimu ya tayar da ɗaki biyu. Iya tana zaune a kan turmi da aka kifa mata, tana ba da umarni. An gama ɗakinta ta shiga, ta yi shekara ɗaya da 'yan watanni a ciki Allah ya karɓi abinsa.

Ba zan ce komai ya dawo daidai ba. Baba bai ƙara riƙe allura ba. Rigar da yake yi wa aiki ranar, wani ne ya ƙarasa ta. Ya koma sayar da zare a kasuwa, kuma na sha ganin shi yana bin rigar jikin mutum da kallo har mutumin ya ɓace. Dariyarsa ta dawo amma ba irin ta da ba. Akwai ranakun da shi da Inna sukan yini ba su ce wa juna komai ba, musamman a farkon damina. Amma in akwai magana, da bakinta take faɗa masa, shi ma haka. Maganar tafiya kuwa ba ta ƙara tasowa ba. An gama gini, an yi yaɓe, shekaru suka yi ta wucewa, tana nan. Sun ƙara haihuwar yara biyu. Ita ta yi jinyarsa har ya rasu, ita ma ta bi shi bayan shekara shida.

Yanzu gidan na bulo ne da kwano, ƙanena da aka haifa daga baya ne a ciki da iyalinsa. Kududdufin an cike shi, an yi shaguna a kai. Ni ina aure a wajen Ƙofar Galadima, gida mai ɗakuna da yawa, kowane yaro da nasa gado, kowa da wayarsa a hannu, wani lokaci sai in kira sau uku kafin a amsa. Na gode wa Allah, ba abin da na rasa. Amma in na zauna ni kaɗai da yamma, ba tsohon gidan mai faɗi nake tunawa ba. Watannin nan uku nake tunawa, da muke cin tuwo mu biyar a faranti ɗaya, gwiwa tana gugar gwiwa, Inna tana gutsura wa Baba loma tana turawa gefensa na hagu, Iya tana mita wai miyar ba gishiri. Ban taɓa zama a wuri mai ƙunci kamar wannan ba, kuma har yau ina kewarsa.